Yatsun Rema

Shekara biyu ina zaune da takardar koyarwa a ƙasan akwati kafin wata makarantar firamare mai zaman kanta a Gusau ta kira ni gwaji. Mu uku ne, gurbi ɗaya. Kowa zai koyar da darasin dabbobi a gaban shugabar makarantar.

Kwana biyu na yi ina zana giwa da raƙumin dawa a kan kwali. Ruwa ya kama ni a babur tun daga Bungudu, na iso kwalin ya zama kamar fate. Sauran biyun, 'yan birni, suka shiga da hotuna masu sheƙi. Na ji haushi har wuya.

Da aka kira ni, na tsaya hannu rabbana, Hajiya shugaba tana bayan aji ta tsare ni da ido. Na ɗaga kai don kada hawaye su zubo, sai ga gizo-gizo a kusurwar silin. Na ce yara su ƙirga ƙafafunsa. Takwas, suka ce. Na ɗauki alli na zana rema a allo, ɗan guntun naman dajin nan mai kama da gafiya marar wutsiya da ke cika dutsen bayan gonarmu. Na ce gizo-gizo shi kaɗai yake zama, ya yi saƙa ya jira abinci, ƙwai yake yi. Rema kuwa haihuwa yake, ya shayar, su fito shan hantsi gida guda, ɗaya ya hau tsauni yana gadi. Har kukan gargaɗin na yi musu, aji ya ruɗe da dariya.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta nuna allo.

"Malama, ƙahwar gaba yatsu huɗu, ta baya ukku. Kin manta guda."

Duk zamana a kwaleji ɓoye ƙauyancina nake yi. Ran nan ban ɓoye ba.

"Hajiya, ban manta ba. Babanmu na kamo shi, ni ka babbaka shi. Ukku na."

Ta duba wayarta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗago.

"Kar a goge allon nan. Ran Litinin ki ci gaba daga inda kika tsaya."

Da na koma gida, Baba na fara faɗa wa. Ya ce ashe duk ƙorafin hayaƙin babbakar da nake yi, karatu nake.