Haƙoran da Surukina Yake Ɓoyewa

Shekarar da aka hana mutane zuwa aikin Hajji, wadda ta biyo bayan damunar da rijiyar gidanmu ta rufta, a ita ce na kusa kashe wa surukina karatunsa. Kada wani ya ce ƙeta ce. Ni ban iya ƙeta ba, ido ne da ni.

'Yar autata ce ta haihu a Kuala Lumpur, inda mijinta yake karatun duwatsu da tallafin gwamnati. Aka sa ni a jirgi na je yi mata wankan jego, da kanwata da turaren wutana a ƙulle. Kwana arba'in na je yi. Ba mu kai ashirin ba korona ta sa aka rufe gari, aka rufe sama, na maƙale a bene hawa na sha huɗu a Sri Petaling, ni da mai jego da jaririya da suruki.

Kun san zaman suruka da suruki. Ba na kiran sunansa, ba na cin abinci a gabansa, in ya shigo falo sai na koma kicin. Gidan kuwa kamar akurki. In ina da magana sai na ce, "Auta, ki ce wa Malam gas ya ƙare," shi kuma yana tsaye taku uku daga ni.

Ranar da nake shara na jawo wani akwati daga ƙarƙashin gadon jaririya. Na buɗe, sai na ga haƙora. Baƙaƙe ƙirin, masu tsini, wani kamar ƙaya, wani ya kai babban yatsana. Kowanne an kwantar da shi a kan auduga cikin 'yar ledarsa, da 'yar takarda an yi rubutu a jiki. Ban yi boko ba, amma shekara saba'in ina ganin abin da ake naɗewa da 'yar takarda a tura ƙarƙashin gado. Jaririyar kuma kwana uku ke nan tana ta kuka.

Na tare Auta a kicin.

"Mijinki duwatsu yake karantawa ko haƙora?"

Ta yi dariya. "Inna, na kifin shak ne, wani ƙaton kifin teku. Sun daɗe a ƙasa har sun zama dutse. A bakin ruwa yake tsinto su."

"Kifin da aka ƙulle masa haƙori da rubutu?"

"Aikinsa ne, lah."

Ko "lah" ɗin nan ta mutanen garin ba da ita na aurar da ita ba. Na ce a raina, an riga an shanye min yarinya. Da ɗana ne da na kama kunnensa na tambaye shi. Suruki kuwa ta ina? Sai na sa masa ido. Na ga yana fito da su da hantsi, yana share su da ɗan buroshi, yana kara su a haske yana motsa baki. Wane mai karatu ne yake magana da haƙori?

A lokacin mutum ɗaya ake bari ya fita cefane a kowane gida. Ranar da ya sa takunkumi ya tafi kedai, wato shagon unguwa, Auta kuma tana barci, na zazzage haƙoran duka a roba guda. Na wanke su da ruwan gishiri, na tofa musu Ayatul Kursiyyu, na kai su baranda. Takardun kuwa na tura su a kaskon turare.

Da ya dawo ya gani, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a ƙasa ya riƙe robar. Auta ce ta fito tana hawaye ta fassara min. Kowace takarda lamba ce, lambar ce take nuna wurin da ya tsinci haƙorin da irin ƙasar da ya fito. Ba lamba, haƙori ya zama tsakuwa. Aikin shekara biyu ne. Bakin ruwan kuma yana can ɗaya ɓangaren ƙasar, sai an ƙetare teku a jirgi, ga hanya a rufe, ga wa'adin karatunsa yana tafiya.

Na ce, "Ki ce wa Malam ai haƙoransa ba wanda ya ɓata."

Ya ce, "Ki ce wa Inna ba komai."

Wannan "ba komai" ya fi zagi ciwo. Amma in gaya muku gaskiya, a ranar jaririyar ta daina kuka. Auta ta ce ciwon ciki ne ya sake ta. To.

Sai da muka haura shekara kafin a buɗe hanya, yarinyar har ta fara tafiya. Ya ce zai koma ya sake tsinta, sati ɗaya malaminsa ya ba shi, kuma zai tafi da iyalinsa su sha iska. Na ce wa Auta ƙafata ƙafarsu. Ba zan bari a kai min jika inda ake samo waɗannan abubuwa ba na wurin ba.

Bakin ruwan akwai wata gaɓa mai tsayi, ƙasarta toka-toka, tana zubowa kan yashi. In ruwa ya janye sai Malam ya durƙusa da rariya. Na zauna a gefe ina jiran in ga wanda zai zo su gana, ko abin da zai yanka. Ba kowa sai ƙaguwa. Wuni guda ya samu huɗu, da tabaransa da komai.

Kashegari na gaji da kallon. Ni da na tashi ina tsince tsakuwa a shinkafar gida mai mutum talatin? Na tattare zane na bi layin da ruwa yake ajiye tarkace. Baƙi mai sheƙi a cikin farin ɓawon katantanwa, ai ko makaho ya gani. Kowanne na ɗauka sai na yi bisimilla na ƙulle shi a mayafina, ƙulli ɗaya haƙori ɗaya. Kafin azahar mayafin ya zama kamar carbi.

Na miƙa wa Auta. "Ki ba Malam."

Ya kwance na farko, ya dafe kai. "Ki ce wa Inna na gode, amma in ba a san wurin ba…"

"Ki ce masa wannan a gindin baƙin dutse mai tsaga. Na biyu da na uku inda ruwan daɗi yake gangarowa. Na huɗu a jikin gaɓar na ƙwaƙulo shi, daidai ƙuguna."

Ya bi ni da littafi muna tafiya, ƙulli goma sha tara, ban rikita ko ɗaya ba. A na goma ne ya manta kansa ya dube ni ido da ido ya ce, "Inna, wannan fa?" Na kau da kai na ba teku amsa. Kwana biyar muna haka. Ya gama karatunsa, a makare amma ya gama.

Har yau ban yarda haƙori yana zama dutse ba, kuma akwatin ba ya kwana ɗaki ɗaya da jikata. Malamin nasa da ya ƙara masa wa'adi ya rasu, haka wata tsohuwar maƙwabciyarmu 'yar ƙasar da take rataya mana abinci a ƙofa lokacin kulle, Allah Ya jiƙanta. Auta tana nan, Malam yana koyarwa a jami'a, yarinyar ta shiga makaranta. Ni ma ga ni, idona garau.