Ranar da Baba Ya Kulle Baƙo a Shagon Niƙa

Mahaifina mai injin niƙa ne. Shagonsa na bakin 'yar kasuwar ƙauyenmu, ginin bulo da rufin kwano, kuma a duk garin shi kaɗai ne mai ƙofar ƙarfe. Ƙauyen namu yana arewa da Kano, cikin gonakin da ba ka gane inda na wani gari suka ƙare na wani suka fara. Ni a lokacin ina koyarwa a firamaren garin, ina da iyali, amma in babu makaranta nakan je shago in karɓi Baba ya huta.

Shekarun nan ne da fetur ya yi tsada, kwanon gero ya gagari manomi da kansa. Sata ta yi yawa. Akuya, injin ban ruwa, har dawa a gona ana yanke mata kai tun ba ta gama nuna ba. Abin da ya fi ƙona wa mutane rai shi ne babur, don wanda aka sace wa babur an raba shi da abincin gidansa. A cikin wannan hali ne wasu ma'aikata suka zo daga birni suka rubuta lambar kiran gaggawa da jan fenti a bangon asibitin sha-ka-tafi. A rediyo ma kullum sai an maimaita: kada kowa ya ɗauki doka a hannunsa, a kira kawai, jami'ai za su zo. Baba ya yarda da maganar nan ƙwarai. Har haddace lambar ya yi, shi da ba shi da waya.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina zuba masara a bakin injin, sai muka ji ihun ɓarawo. Kafin mu leƙa, wani mutum ya faɗo mana cikin shago, jini na zuba daga goshinsa, takalmi ƙafa ɗaya. Ba mu san shi ba. Magidanci ne siriri, da rigar shadda da ta sha wanki. Ya rungume ƙafar Baba yana cewa, "Alhaji, ka rufa mini asiri, wallahi ban ɗauka ba."

Baba bai tambaye shi komai ba. Ya kashe injin, ya jawo ni muka fito, ya turo ƙofa ya danna kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, ya tsaya a bakin ƙofar. Jama'a suka iso da sanduna da duwatsu. Wai an ga mutumin yana tura babur ɗin mai kayan miya daga gindin darbejiya. Wasu suka ce turawa yake, wasu suka ce dafawa kawai ya yi. Babur ɗin dai yana nan a inda yake.

"In ɓarawo ne, hukuma ce za ta faɗa," in ji Baba. "Yana hannuna. Ɗana zai kira su yanzu, ku yi haƙuri su zo."

Mutane na jin nauyin Baba, don babu gidan da bai taɓa yi wa niƙa kyauta ba a ranar suna ko rasuwa. Suka ja baya, suka ce to a kira.

Na kira. Aka sa mini kiɗa, sannan wata murya ta yi ta Turanci. Can wani saurayi ya ɗauka. Na gaya masa abin da ake ciki. Ya tambayi sunana, ya tambayi ƙaramar hukuma, ya tambayi sunan titi da lambar gida. Na ce masa ƙauye ne, titinmu ɗaya, duk wanda ya shigo ba zai rasa taron ba. Ya ce sai ya cike wajen titi kafin na'ura ta karɓa. Na ce ya sa titin kasuwa. Ya ce shi ke nan, ya tura, mu kwantar da hankali.

Na juyo na ce wa jama'a suna tafe. Wannan kalmar ce ta riƙe su har azahar. Baba bai je masallaci ba, a bakin ƙofar ya shimfiɗa buhu ya yi salla, ya miƙa wa baƙon buta ta 'yar ƙaramar tagar shagon.

Bayan salla taron ya sauya. Dattawa sun koma gida cin abinci, samarin ƙauyukan kewaye da suka zo cin kasuwa suka maye gurbinsu, kuma su ba su san Baba ba. Na sake kira. Wata mace ce ta ɗauka, ba ta san da kiran farko ba, muka sake daga sunana. Ina cikin bayani layin ya katse. Na sake kira, aka ce duk layuka na aiki, in jira.

Mai unguwa ne ya ba ni lambar babban ɗan sandan caji ofis ɗin da ke kula da yankinmu. Ya ɗauka, kuma ya ce saƙo ya iso masa tun ɗazu.

"To Yallaɓai, me ake jira? Za su kashe mutumin nan."

"Malam, da me zan zo? Mota ɗaya ta lalace, tana kan dutse tun bara. Ɗayar an kira ta rakiyar wani babba da ya je ta'aziyya, da yarana a ciki. Mu biyu ne a nan."

"Ku hau babur mana. Kakinku kawai suka gani za su watse."

"In zo a babur a haɗa da ni? Ku kawo shi nan."

"Ta ina za mu fito da shi, Yallaɓai?"

Ya ce shi dai ya gaya mini gaskiya, ya kashe wayarsa. A babur, tsakaninmu da ofishin nan bai kai a dafa shayi a sha ba.

Gab da la'asar wani ya ɗaga murya ya ce tsohon nan abokin cin ɓarayi ne, shi ya sa yake ɓoye su. Aka yo kanmu. Baba ya buɗe hannuwa ya tare ƙofa, wani ya sauke masa taɓarya a hannun dama, na ji ƙarar ƙashin da kunnena. Na faɗa kansa na rufe shi. Ƙofar ba ta ɓalle ba, sai suka hau sama suka yaye kwano. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba. Kafin a kira magariba mutumin ya cika, kasuwa ta watse kamar ba a ci ba.

Washegari da safe motoci suka shigo garinmu a jere, cike da 'yan sanda da bindigogi, har da wata mai sulke da ban taɓa ganin irinta ba sai a talabijin. Na tsaya ina kallonsu. Ashe akwai motoci. Ashe akwai mai. Waɗanda suka yi kisan tuni sun gudu, sai aka bi gida gida ana kwasar duk namijin da aka samu. Aka kama Baba, saboda a shagonsa aka sami gawa kuma makullin na aljihunsa. Na nuna musu hannunsa da muka ɗaure da kara da tsumma, na nuna musu wayata da duk kiran da na yi. Wani kofur ya ture wayar ya ce in je can in yi bayani. Injin ma suka ciccibe shi, wai shaida ne.

Baba ya yi makonni a tsare. Da aka sake shi, karayar ta riga ta kama a karkace, maɗori ya ce sai dai a sake karyawa, shi kuma jikin tsufa ba zai ɗauka ba. Injin kuwa da muka je karɓa aka nuna mana gangar jikinsa a bayan ofis, ciyawa ta fito a ciki, duk wani abu mai kwancuwa an kwance.

Bayan damina aka ce wani kwamitin gwamnati mai sa ido kan aikin 'yan sanda zai zauna a sakatariya ya saurari koke. Na je. An kafa rumfuna, an jera ruwan roba a teburin manya, babban ɗan sandan nan yana zaune kusa da shugaban kwamitin suna raha. Da aka ba ni dama na faɗi komai. Shugaban ya saurare ni yana gyaɗa kai, ya ce abin takaici ne. Wani daga cikinsu ya ce a takardunsu dai an nuna cewa an amsa kiran kuma jami'ai sun je.

"Sun je, ranka ya daɗe," na ce. "Washegari."

Aka yi 'yar dariya. Na tambaya wane ne ya janye motar zuwa rakiya, kuma wa zai amsa laifin. Shugaban ya ce wannan ba ya cikin hurumin zamansu, su sun zo ne su ga abin da jami'ai ke buƙata. Aka karɓe abin magana daga hannuna aka miƙa wa wani mai jawabin godiya. Daga baya na ji a rediyo an ce zaman ya yi armashi, al'umma sun nuna gamsuwa. Ba a sauya kowa ba, ba a tuhumi kowa ba.

Har yau ban yafe musu ba, kuma ban ga dalilin da zai sa in yi kamar na yafe ba. Mutanen garinmu ma da suka ga fuskokin masu hawa kwanon suka yi shiru, gaisuwa ce kawai tsakanina da su.

Baba bai sake sana'a ba. Wuni yake a zaure da carbi a hannun hagu. Wata rana wata tsohuwa ta yi sallama, ta ce daga wani ƙauye take wajen Ɗanbatta, ita ce mahaifiyar mutumin da aka kashe a shagon. Ta daɗe tana tambaya kafin a nuna mata gidanmu. Ba ta zo da ƙorafi ba. So take ta ji ko ɗanta ya ce wani abu.

Baba ya ce mata, "Ya nemi ruwa, na ba shi. Ya yi azahar, ina jin kabbararsa ta taga. Ya tambaye ni ko sun kusa, na ce masa sun kusa."

Ta ce Allah ya saka masa da alheri. Innarmu ta kawo mata fura, ta sha kaɗan. Na ɗauke ta a babur na kai ta bakin titi, na tsaya har ta sami mota.