Kaza a Gidan Suruki

Shekarun baya, surukata ta yi doguwar jinya, likitoci suka ce sai an yi mata aiki. Amma suka ce ba za su taɓa ta ba sai ta yi ƙwari, don ta rame ƙwarai, ga shi ciwon ba ya jira. Na sa aka ɗauko ta daga Ƙofar Marusa zuwa gidana, 'yarta, wato matata, ta kula da ita.

Ni kuwa na zage in nuna an yi dacen suruki. Yau kaza, gobe hanta, jibi kifi. Na san kunyar da ke tsakaninmu, don haka gaisuwa kaɗai ke kai ni ƙofar ɗakinta. Iyakata in na dawo kasuwa in tsaya tsakar gida in ɗaga murya: "Hajiya ta ci kuwa? Ta cinye kazar?"

Da muka koma asibiti, sikeli ya nuna ta ƙara ramewa. Abin ya ɗaure mini kai. To ina kajin nan suke zuwa?

Aka tura mu wajen wata ma'aikaciya mai ba marasa lafiya shawara kan abinci. Na gyara zama, ina jiran ta lissafo abin da zan ƙaro, sai ta ce in ɗan ba su wuri. Matata ce ta ba ni labarin sauran.

Wai tambayarta ta yi, "Mama, ke mi kike so ki cimma? Ba mu ba, ke."

Hajiya ta ce, "In koma ɗakina da ƙahwata."

"To mi ya hana ki ci?"

"'Yar nan, kullum shina tsaye tsakar gida shina tambaya. So kike a hwaɗa mashi na tashi da kaza guda gidan suruki? Gara yunwa."

Ashe loma biyu take yi ta ture kwano, don kada amsar da za a ba ni ta kunyata ta.

Ma'aikaciyar ba ta yi gardama da kunyar ba. Tare suka tsayar da abin da Hajiya ta ce za ta iya: kunun gyaɗa da madara da safe, dafaffen ƙwai da hantsi, fura da nono bayan la'asar, kaɗan-kaɗan. Geron daga gidanta za a kawo, ta san nata take ci. Duk mako a hau sikeli, in an ga haske a ƙara wani abu. Daga nan aka kira ni aka ba ni nawa aikin: "Malam, kai naka ɗaya ne, ka bar tambaya."

Wallahi nawa ya fi wuya. Sai in shigo tambayar na cina, in haɗiye. Ran nan na dawo da wuri, ina cikin zaure na jiyo ƙarar cokali ana kankare kwano a ɗakinta. Daɗi ya kama ni har na kusa yin sallama. Sai na juya da sanɗa, na zauna a dakalin waje har aka kira magariba.

A hankali jiki ya dawo, aka yi aikin lafiya, ta koma gidanta da ƙafarta.

Har yau ina mamakin yadda muka yi ta tsara mata abin da za ta ci, babu wanda ya tambaye ta abin da za ta iya sai wata baƙuwa. Hajiya tana nan da ranta, har ta fi ni kumari. Ban taɓa ganin ta kai loma baki ba, kuma ban ƙara tambaya ba.