Garmar Arvid

Yayana Arvid Haugen bai nemi kujera ba, taurin kansa ne ya kai shi. A wani taron gunduma aka kawo maganar ƙara harajin gonaki, ya miƙe da takalmansa duk kashin shanu, ya yi ta musu har shugaban taro ya gaji ya ɗage zaman. Kafin ƙanƙarar shekarar ta narke, manoman yankinmu sun ce sun sami ɗan takara. Haka manomin alkama ya zama ɗan majalisar dokokin jihar Dakota ta Arewa, a ɓangaren 'yan mazan jiya, ya kuma daɗe a can har ya yi furfura.

A Bismarck, babban birnin jihar, abu ɗaya aka san shi da shi: duk abin da aka ce sabo ne, sai ya ce a dakata tukuna. Wani lokacin yana da gaskiya. Shi ya tsaya kai da fata aka fasa rufe 'yar makarantar garinmu, kuma har yau ina gode masa. Wani lokacin kuwa tsabar gardama ce kawai, ni da na tashi a bayansa na fi kowa sani.

Majalisarmu da sanyi take zama, ta tashi dab da shuka, don da yawa cikinsu manoma ne. In Arvid ya tafi, gona tana hannun ɗansa Curtis. In ya dawo, Curtis ya koma ɗan aike, ga shi magidanci da matarsa Lorna da yara. A lokacin samari watsewa suke yi zuwa birane, gidajen gona suna zama kango. Curtis kaɗai ya rage mana. In ya tafi, gonar da kakanmu ya sara da ya zo daga Norway sai hannun bare.

Curtis ya ɗauko wata dabara da ta fara shigowa: a daina huɗa, a bar karan alkamar bara a tsaye ya riƙe laima ya hana iska kwashe ƙasa, sannan a shiga da injin da ke tsaga ƙasa ya zuba iri a tsakanin karan. A wurin su Arvid kuwa, mutuncin manomi shi ne a hango gonarsa daga titi baƙa ƙirin, babu ko tsinke. Da Curtis ya yi masa maganar a waya, sai ya ce za su tattauna in ya dawo. Duk gidanmu mun san ma'anar wannan.

A wannan shekarar, zaman majalisa ya ja, ɗumi kuma ya zo da wuri. Curtis ya yi hayar injin, ya shuka babbar gonar da ke kusa da coci. Arvid ya iso ranar Asabar, ya tarar Curtis da iyalinsa sun tafi biki garin su Lorna, tasa matar, Marlys, kuma tana coci wurin girkin mata. Ya dubi gona ya ga kara tsaye, a daidai inda duk gari zai wuce gobe. Kunya ta kama shi. Takalmi kawai ya canza, ya ɗaura garma a tarakta, bai sauko ba sai da ya juye gonar tas. Ya shigo gida yana ta fara'a, wai ya rufa wa yaro asiri.

Marlys ta ajiye butar kofi ta ce, "Arvid, tun Litinin aka shuka gonar nan."

Da Curtis ya dawo bai yi faɗa ba. Mu dama ba masu ɗaga murya ba ne, kuma shirun ne ya fi ba ni tsoro. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasa, ya ga ƙwayar da ta fara tsiro an birkice ta, ya kakkaɓe hannu ya shige gida. Washegarin Lahadi Lorna ta zo kantina neman kwalaye, ta ce akwai aikin da ke jiran Curtis a birnin Fargo.

Na sami Arvid a rumfar injuna na ce ya je ya ba ɗansa haƙuri. Ya ce ai taimako ya yi niyya.

"Ka taimaka, Yaya," na ce, "har ya fara ɗaure kaya."

Ya juya ga injunansa. Na fito na fid da rai, don tun muna yara ban taɓa jin kalmar haƙuri a bakinsa ba, ko ranar da ya karya mini keke.

Bayan kwana biyu ina kanti da safe, sai ga motarsa tana jan tirela a hankali ta tsakiyar gari, garmuna jibge a kai, har da tsohuwar ta Babanmu. Tsofaffin da ke shan kofi a gidan abinci suka leƙo, ɗayansu ya ce ko garmar ma majalisa za ta. Arvid bai waiwaya ba, ya miƙe filin gwanjo. Da na ga ya dawo da tirela fayau ya nufi gidan Curtis, na rufe kanti na bi shi. A kira shi gulma, na yarda.

Curtis yana tsakar gida yana loda kaya. Arvid ya tsaya nesa kaɗan ya ce ya sayar da garma. Curtis ya tambaye shi ko duka.

"Duka," in ji shi. "Ba zan ce maka na yarda da shukar nan taka ba, don ban yarda ba. Baɗi in na ga karan nan raina zai sake ɓaci, na san halina. To yanzu ko na tashi, babu abin da zan ja."

Curtis ya daɗe yana kallon tirelar. Can ya ce in aka fara gobe za a iya sake shuka, amma yana buƙatar mai kai masa iri gona. Na jingina da mota. Sai a lokacin na san irin tsoron da na yi ta kwana da shi.

Arvid ya gyara tsayuwa ya ce, "Ƙarfe nawa kake so in zo?"