Ashe Tsohon da Nake Haɗa wa Shayi Darakta Ne

Ina cikin haɗa masa shayi da safen nan sai na jiyo muryarsa a talabijin.

Aikin kula da tsofaffi nake yi a garin Salford da ke Ingila. Wannan dattijon Bature yana fama da ciwon mantuwa, kuma tun da ƙaramar hukuma ta rage mana lokacin ziyara ya daina hira. Mu ba shi magani, mu wuce.

Na leƙo falo. Shiri ne kan tarihin sinima, ga shi da ƙuruciyarsa yana bayanin yadda ya shirya finafinansa.

Na ce, "Baba, ka gane wannan?"

Ya ƙura ido, ya ce, "Ya cika surutu, amma ya san aikinsa."

"Ai kai ne!"

Ya yi dariya har da hawaye. Sai ya haɗa yatsu kamar kyamara, ya ce, "Rifkatu, matsa kusa da taga, hasken ya dace da ke."

Jama'a, ban taɓa zaton ya riƙe sunana ba. Na makara zuwa gida na gaba, amma na tsaya masa a bakin tagar.

Ko tsoho ya daina hira, mutumin yana nan a cikinsa, yana jinmu. Ku wane tsoho ya taɓa ba ku mamaki haka?