Kunnen Mai Rediyo

Shekara arba'in da ɗaya Mai Rediyo ya yi a shago guda, ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin tela da mai yankan makulli. Teburinsa duk tabon dalma ne. Abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara shi ne kunnensa: kafin ya kwance na'ura sai ya saurare ta, ya faɗi ciwonta, sannan ya ɗauko mitar awon wuta don ta gaskata shi.

Ƙanensa makaɗin jita ne, kuma amfilifayar da yake kiɗa da ita, wato na'urar ƙara sauti, ta girmi 'ya'yansu duka. A bayanta akwai kwalaben gilashi masu yin ja kamar garwashi idan sun ɗauki zafi. Ɗaya daga cikinsu aikinta ta karɓi wutar soket, ta daidaita ta, ta miƙa wa sauran. Ba ta da hanzari. Idan aka bugi tsirkiya da ƙarfi, sai ta gaza ba da wuta nan take, sautin ya ɗan russuna, sannan ya kumburo a hankali. Ƙanen yana kiran wannan numfashi, kuma a kansa ya gina salonsa kaf.

Ranar da kwalbar ta mutu, Mai Rediyo ya buɗe gwangwanin da yake ajiye irinta, ya tarar da auduga kawai. Ya yi cigiya, bai samu ba. Sai ya liƙa dayod biyu a gurbinta, 'yan mitsi-mitsin abubuwan da masu gyaran zamani suke sawa. Mita ta nuna komai daidai. Ya saurara, shi ma ya ji daidai.

Ƙanen ya zo da hantsi, ya jona jita, ya buga sau uku, ya dakata. Ya ce sautin ya bushe, kamar an buga ƙofar ƙarfe. Mai Rediyo ya yi dariya, ya ce tsufa ne ya kama yatsun wani, ake ɗora wa na'ura laifi. Ƙanen ya sake bugawa, idonsa a kan fuskar wansa.

"Yaya, tsakani da Allah, ba ka ji bambancin ba?"

Mai Rediyo ya tuna yadda maiɗakinsa take kiransa sau uku kafin ya waiwayo, da keken telan da ya zaci mai aka zuba masa ya daina ƙara. Ashe kunnensa ne ya yi nauyi.

Ya san dabarar da ta rage: a sa wani ɗan abu mai rage wa wuta gudu, ya kwaikwayi nawar kwalbar. Sai dai mita ba ta faɗin girman da ya dace. Kunne ne yake zaɓa. Kwana shida yana liƙawa yana cirewa, ƙanen yana bugawa yana girgiza kai. A na bakwai ƙanen ya ce, "Ya yi, Yaya. Ya dawo."

Amma Mai Rediyo hannun ƙanen yake kallo. A da, bayan kowane bugu mai ƙarfi, yatsun nan sukan tsaya su jira sautin ya taso. Yanzu wucewa suke yi, ba abin da suke jira. Bai ƙaryata shi ba. Ya taya shi ɗaukar amfilifayar zuwa bakin titi.

Da ya dawo, wata mata tana tsaye da rediyonta, ta kunna masa don ya saurara kamar yadda aka ba ta labari. Ya kashe rediyon, ya jawo mita.