Raƙumin da Bai Shuri Alkasum Ba

Alkasum Baduku, wanda jikokinsa suke kira Baba Tsoho, haifaffen unguwar Birni ne a Damagaram, ɗan dukawa jikan dukawa. A rumfa ɗaya ya ƙare rayuwarsa, tsakanin jar fata da basilla, yana ɗinka gafaka da takalma da jakar mata. Tafiya ba ta dame shi ba. Amma in aka tambaye shi wa ya fi sani a duniya bayan danginsa, sai ya ce wani Ba'amirke ne wanda bai ma san da Alkasum a duniya ba.

Ɗan wasan silima ne mutumin. Sunansa ya gagari bakin mutanen gari, sai suka raɗa masa Ba-Dariya, don ko an ba shi amarya a ƙarshen wasa fuskarsa tana nan kamar ta mai bin bashi. Da Alkasum ya fara ganinsa, saurayi ne a kan doki. Daga baya ya zama soja, ya zama shugaban jirgin ruwa, ya zama alƙali, har ya yi furfura ya koma uban yara. An ce a ƙasarsu lambar yabo ba irin wadda ba su rataya masa ba. Alkasum ya bi shi shekara da shekaru, kuma da ya tsufa yakan ce, "Shi ya yi wasa ya fi ɗari, duniya ta tafa masa. Ni guda ɗaya na yi, na sha tsaga."

Ga yadda abin ya faru. A farkon shekarun 1950 gidan silima fili ne kawai da katanga, ba rufi, sai benci da farin bango. Kamiyo, babbar motar kaya, ke kawo fim daga Yamai, ya tsufa, yana tsinkewa ana ɗaurawa. Aka kawo wani wanda aka harbi Ba-Dariya a cinya tun daga farko, ya ƙarasa wasan yana jan ƙafar hagu sannu a hankali, hannu a ƙugu, maƙiya suna darewa a gabansa. Samarin gari suka haukace. Wasu suka sayi farar malafa irin tasa, wasu suka ɗaura ƙyalle a wuya ana tsananin zafi. Alkasum, siriri kamar karan dawa, ya zaɓi abin da ba a saye a kasuwa, ya ɗauki ɗingishin. A bayan duwatsun Birni ya koye shi, awaki ne shaidunsa.

Ba don banza ya sha wahalar ba. Akwai Kellu, ƴar Mala Bukar, Babarbare mai fataucin kanwa da dabino. Kullum da la'asar Alkasum zai rufe rumfa ya bi ta ƙofar gidansu yana jan ƙafa, fuska a murtuke. Bai san Mala yana zaune cikin zaure yana ƙirga shi da ido ba. Shi kuwa Mala, duk unguwa ta san maganarsa: wanda zai biya don ya ga inuwa tana faɗa da inuwa, ko akuya ba zai ba shi ba, balle ƴa.

Da magana ta yi nisa, kawun Alkasum, Lawali, ya kai shi gaisuwa. Alkasum ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a bakin zaure, ido a ƙasa. Suruki ba a haɗa ido da shi, ba a musa masa, shi ma ba ya yi wa yaro magana kai tsaye in da babba a wurin. Mala ya dubi Lawali.

"Yaron nan naka ba a faɗi aibinsa ba. Sana'arsa ma na gani. Amma me ya sami ƙafarsa?"

Lawali ya waiwayo, don shi da safen nan ya ga ɗan ƴar'uwarsa ya tsallake kwata da ƙafa biyu lafiya lau.

"Kai, Mala na tambaya."

Alkasum ya auna abin a ransa. In ya faɗi gaskiya, Kellu ta tafi. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Raƙumi ne, Baba."

"Raƙumi?" in ji Lawali.

"Ya shure ni. A kasuwa."

Lawali ya yi tari, ya gyara hula. "Ƙwarai, ƙwarai. Mugun raƙumi. Na Buzaye."

Mala ya girgiza kai cikin tausayi. Ya ce shi ya yi shekara ashirin a bayan raƙuma, ya san shurinsu, in ba a kula ba ƙafa takan shanye. Ya ce yana da maɗori a ƙauyen Zermu, Sallau, wanda ya taɓa haɗa masa kafaɗa, zai aika a zo da shi. Alkasum ya so ya ce ƙafar ta fara sauƙi, amma alherin suruki ba a mayar da shi. Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Baba," muryarsa kamar ta ɗan akuya.

Ranar kasuwa Sallau ya iso, gajere mai hannu kamar taɓarya. Aka shimfiɗa tabarma a zauren Mala, maƙwabta suka taru. Sallau ya murza ƙafar, ya lanƙwasa, ya miƙar, ya danna nan ya danna can. Sai ya sunkuyo daidai kunnen Alkasum.

"Yaro, raƙumin nan, farar malafa gare shi?"

Alkasum ya ƙame.

"Ni ma nakan leƙa silima in na shigo gari," in ji Sallau a hankali. "Amma Ba-Dariya ba ya karkata kafaɗa haka. Ka cika gishiri." Ya ɗago ya ce da ƙarfi, "Tsohon targaɗe ne, Mala, ya kwanta a jijiya. Zai warke, sai dai da lokaci."

Ya rufa masa asiri, amma bai yafe masa ba. Ya sa ƙarti biyu suka danne shi, ya ja ƙafar har sai da ta yi ƙara, ya yi mata tsaga, ya shafa man shanu mai zafi, ya ɗaure da kara. Alkasum yakan ce a nan ya gane bambancinsa da Ba-Dariya: shi da aka cire masa harsashi ko ƙifta ido bai yi ba, shi kuwa Alkasum sai da aka ji kururuwarsa har unguwar Zango.

An ba shi Kellu bayan kaka. Ya ɗauka wahala ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Damagaram ba ta da faɗin da mutum zai yi ɗingishi a unguwa ɗaya ya miƙe a wata. Mai sayar da goro ya san Mala, mai ɗebo ruwa ya san Mala, liman abokinsa ne. Sallau ya ce da lokaci, bai faɗi wane lokaci ba, kuma duk ranar da Alkasum ya ɗan gwada miƙewa sai Mala ya aiko a gaya masa kada ya matsa wa ƙafar, ko a sake kiran Sallau? Sai ya koma ja.

Fim kuwa yana ta zuwa. Alkasum yakan saci jiki ya je, ya rufe fuska da rawani. Ba-Dariya ya warke sarai, yana hawan dutse, yana tsalle daga jirgi, har rawa ya yi da wata mata. Samarin da suka sayi malafa tuni sun ba ƙannensu. Alkasum kaɗai aka bari a cikin tsohon wasan.

A gida ne kawai yake hutawa. Kellu ta gane tun kafin aure, don ta taɓa hango shi yana bin kaza. In ya shigo ya saki labulen zaure ya miƙe, sai ta ce, "Sannu da jinya, Ba-Dariyan Birni. A kawo ruwan zafi ko raƙumin ya huce?"

"Ke dai ki yi ta dariya. Don wa na gurgunce?"

"Ni na aike ka? Da ka zo da takalma masu kyau ma da na yarda."

Haka aka tafi har daminar 1960, da aka ce ƙasa ta sami ƴancin kai. Gari ya cika da kiɗa da tutoci, unguwa ta haɗu ta sayi sa don a yi shagali. Alkasum yana tsaye a gefe, ƴarsa Zuliha a kafaɗa. Mahauta suka yi sakaci, san ya fizge igiya ya yo kan mutane. Alkasum bai yi shawara da kowa ba. Ya rungume yarinya ya zura da gudu, ya wuce samari, ya wuce wani gardi, ya haye katangar da ko ɓarawo sai ya yi tunani. Da ya leƙo daga sama, ga Mala zaune a ƙofar zaurensa, Lawali a gefe, duk su biyun shi suke kallo.

Ya sauko, ya zo ya durƙusa. Yana jiran a ce ya mayar musu da Kellu. Mala ya ja carbi, ya dubi Lawali.

"Ka gani ko? Na gaya muku Sallau ba ya ƙarya. Maganin ya ci."

"Ya ci, Mala. Ya ci ƙwarai."

"To, a kai masa tukwici. Rago, ba akuya ba. Yaron ya kai da kansa, kuma a ƙasa, don Sallau ya ga aikinsa."

Alkasum ya ja rago daga Damagaram har Zermu cikin taɓo, ragon yana turjewa, shi yana roƙonsa. Sallau ya karɓa yana dariya har da hawaye, bai ko ce ya kwana ba. Kafin ya dawo gida tafin ƙafarsa duk ya yi bororo, ƙaya ta shige masa diddige, gwiwa ta kumbura. Ga shi an riga an shela a unguwa cewa ya warke. Hanyar rumfarsa kuma ta ƙofar Mala ta bi. Da safe Kellu ta naɗe masa ƙafar da tsumma, ya cusa ta cikin takalmi, ya cije leɓe, ya wuce zauren a miƙe kamar soja, gumi na zuba. Mala ya ɗaga masa hannu daga ciki ya ce a gaishe da mutanen gida.